Iya: Ƙanwar Ɗan Dambe, Matar Ɗan Dambe

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Iya ta koma wata Talata da hantsi, ana tsakiyar damina, dawa ta kai ƙugu. Kakata ce, uwar Baba, kuma ita ta ɗauke ni tun daga yaye. Ƙafarta na bisa cinyata ta cika.

Haushi ne ya sa ni wannan rubutu, gara in faɗa tun yanzu. Mutane sun zo makokinta daga Makarfi, daga Gubuchi, har daga Furana, wasu bisa jaki, wasu a ƙasa cikin taɓo. Tabarmin gidanmu na Hunkuyi suka ƙare sai da aka aro na maƙwabta. Amma in aka cire addu'a, ban ji wanda ya yi maganar ita Iya ba. Maganar wasu maza biyu ake ta yi, waɗanda suka daɗe da riga ta shiga ƙasa.

Wata maƙwabciyarmu ta shigo da salati, ta zube gaban Inna, mahaifiyata, ta yi gaisuwa yadda ya kamata. Ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ta share hawaye da bakin mayafi, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Ke kika yi jinyarta ko?"

"Ni ce."

"To, ta faɗa miki? Wane ne gwanin?"

Ko rufe kabari ba a gama ba a lokacin.

Da na kai tuwo zaure, wani tsoho na Furana da ba sauran haƙori a bakinsa ya riƙe gefen akushin, ya ƙi saki. "Yarinya, tun ban yi gemu ba nake jiran wannan amsa. Kada ki bari in bi ta ban ji ba." Liman ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a, makoki fa muke." Aka yi tsit. Yana tashi alwala aka ci gaba.

Ga wanda bai san gidanmu ba: mu mahauta ne ta uwa ta uba, dambe kuwa wasan mahauta ne. Kakannina maza biyu duk 'yan dambe ne da kalangu ya san takensu. Ɗaya mijin Iya ne, uban Baba, muna ce masa Kakan Hunkuyi. Ɗayan wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya haifi Inna da Kawu, muna ce masa Kakan Gubuchi. Auren zumunci aka yi wa iyayena. Ban buɗe ido na ga ko ɗayan kakannin nan ba, amma na san hannuwansu fiye da nawa.

Kakan Gubuchi bahago ne. Bai daɗe a fage ba, 'yan shekaru ne kawai, sai dai gwiwarsa ba ta taɓa shafar ƙasa ba. Duk wanda ya tsaya gabansa, ko ya kashe shi ko a tashi ba kisa. A bakin 'yan dambe, in an ce an kashe mutum, an kai shi ƙasa ne, ya tashi ya kaɗe jiki. Kakan Hunkuyi kuwa ya ɗaure hannu tun yana saurayi, bai kwance ba sai da furfura ta fito. Ya bi ƙasar Kano, ya bi ƙasar Katsina, inda duk aka gama girbi aka buga kalangu yana can. Kisan da ya yi ya ninka na surukinsa nesa ba kusa ba. Amma shi an kai shi ƙasa, kuma ba sau ɗaya ba.

Da sun taɓa haɗuwa da an huta. An ma sa musu rana, bayan girbi, a Makarfi. Mutane suka yi ta shiri kamar za a yi Salla. Kafin ranar ta zo, aka yi wani ƙaramin wasa a Gubuchi, na Hunkuyi ya shiga ya yi kisa. Iya, tana budurwa, ta ratsa fage gaban kowa ta share masa gumi da ɗankwalinta. Wanta yana tsaye yana kallo. Ta ce dariya ya yi, ya ce, "Yarinyar nan kin ɗaure ni." Ba a ɗaga wa suruki hannu. Aka ɗaura aure, aka fasa dambe, kuma ba da daɗewa ba bahagon ya kwance zaren dambe daga hannunsa ya koma noman rake. Mutanen Gubuchi sun ce ya bari ne don wanda ya isa ya kara da shi ya zama ɗan gida. Mutanen Hunkuyi sun ce wuyan hannu ne ya tsage, ya ɓoye, aure ya rufa masa asiri.

Tun daga ranar har ta tsufa, sunanta a bakin tsofaffi shi ne mai raba dambe. Ita ta hana a sani, saboda haka ita za ta faɗa. Ita ce ta gasa hannun wanta tana yarinya, ita ce ta gasa na mijinta tana matar aure. Wa ya kai ta sani?

Baba da Kawu taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, wasa halal ne tsakaninsu. Kowace shekara in an kai amfani gida, Kawu zai zo da jakinsa da ɗaurin rake da mazarƙwaila, da mata da yara a bayansa. Tun daga bakin zaure zai ɗaga murya.

"Ina ɗan mai faɗuwa?"

"Ga ni, ɗan mai gudu," in ji Baba. "Shigo, ba mai dukanka a nan."

Kafin a kawo ruwa sun fara.

"Ubana bai san ɗanɗanon ƙasar fage ba," in ji Kawu.

"Ina zai sani? Yaushe ya shiga, yaushe ya fita? Kaza ma ta fi shi daɗewa a kan ƙwai."

"Ƙaton nan na ƙasar Katsina fa? Wa ya shimfiɗe shi kafin makaɗa su gyara zama? Kuma wa ƙaton ya zaunar a Ikara har laya ta tsinke?"

"Ranar da zazzaɓi ubana ya shiga, kowa ya sani. Da ya warke ai ya rama."

"Ya rama bayan ƙaton ya tsufa, yana tafiya da sanda. Ni ma in an ba ni shi a haka sai in kashe."

In sun gaji su taso tare har ƙofar ɗakin Iya, manyan mutane da gemu, su durƙusa. Kawu ya ce, "Goggo, don Allah raba mu." Baba ya ce, "Iya, faɗa masa ya huta." Ita kuwa tana kaɗi, ba ta ko ɗaga ido daga mazari. "Ni ruwan zafi na sani," take cewa. Wani lokaci ta ƙara, "Duk biyun da kumburi suke dawowa." Sai su tashi suna dariya, kowa yana cewa ai da shi take.

A waɗannan ranaku ne kaɗai nake ganin haƙoran Inna. Matar kulle ce, Gubuchi ba nisa, amma ba ta taka hanya sai Baba ya ce. Zuwan Kawu shi ne ganin danginta, kuma in za su koma a kan bar ta ta bi su ta yi 'yan kwanaki. Abin da take da shi ke nan a shekara.

Amma na ce Iya zan rubuta, ga shi ni ma na faɗa cikin maganar maza.

'Yar ƙaramar mace ce, baƙa, mai manyan hannuwa kamar ba nata ba. Tafinta ya mutu da zafi, tana iya tsamo tsumma daga tafasasshen ruwa ta matse ba ta ce wash ba. Ba ta cin nama, ita da ta yi rayuwarta a gidan mahauta. Ta ce ta ga isasshe. Tuwon dawa da miyar kuka, sai goro fari, shi ma tsagi ɗaya take ci ta ƙulle sauran a bakin zane. Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba ko bayan ya rasu, sai "maigidan nan". Wanta kuwa "Yaya". In yaro ya faɗi ya zo yana kuka, ba ta lallashi. "Ka tashi?" Ya ce e. "To ba a kashe ka ba." Duk wanda ya gurɗe ko ya buge a unguwar, ɗakinta ake kawo shi, ta gasa, ta shafa man kaɗe, ta zage shi, ta ba shi ƙuli-ƙuli.

Baba ya ba ni labarin damben ƙarshe na ubansa. Wani saurayi baƙo, wanda bai kai ɗansa ba, ya kai shi ƙasa a nan Hunkuyi gaban 'ya'yansa. Baƙin 'yan dambe a zauren gidanmu suke sauka, saboda haka saurayin ya dawo gidan wanda ya kashe, ya rakuɓe a lungu, hannu ya kumbura kamar tulu, ba mai ce masa sannu. Iya ta dafa ruwa ƙwarya biyu. Ta aika masa ɗaya da man kaɗe da tuwo mai nama, sannan ta shiga ta gasa mijinta. Baba, yana jin zafin samartaka, ya ce, "Iya, wanda ya kunyata mu?" Ta ce, "Uwarsa ba ta nan."

Ita ce kuma ta sa aka kai ni makaranta. Da aka zo neman 'yan mata, gidaje suka yi ta ɓoye nasu a rumbu. Baba ya tsaya jiran ta bakin Iya. Ta dube ni ina tsalle-tsalle a tsakar gida, ta ce, "Ku ba su wannan. Gidan nan ya ishe shi masu zama."

Sau ɗaya wasan taubasan ya ɓaci, ina yarinya. Ranar sunan ƙanena, mai kalangu ya buga taken Kakan Hunkuyi, da ya ga an yi masa kari sai ya wuce gona da iri, ya saka habaicin wanda ya ɓuya a bayan zanen ƙanwarsa. Baba bai hana shi ba. Kawu ya tashi da mutanensa ba su ci naman suna ba. Girbi ya zo ba su zo ba. Wani ya sake zagayowa, shiru. Baba ya ce wanda bai tako gidansa ba, matarsa ba za ta taka nasa ba.  Inna kuwa ta rame, ta koma yin daka da sassafe ita kaɗai, ko ba a bukatar gari.

Iya ta zuba ido har ta ga abin ba na ƙarewa ba ne. Sai ta kwanta, ta ja bargo, ta aika Gubuchi a ce jiki ya ƙi, kuma akwai maganar da take so ta sauke. Washegari kafin azahar jakin Kawu na ƙofar gida. Suka durƙusa shi da Baba, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba mai kallon wani. Ta yi tari, ta nemi ruwa, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Na ji sauƙi." Ta tashi ta ɗora tukunya. Kawu ne ya fara fashewa da dariya. Da zai koma, Inna na bayansa da ƙullin kayanta.

Ni da ita mun yi faɗa sau da yawa, don ba na iya riƙe magana, ita kuma ba ta iya sakinta. Mafi girma shi ne na wani hutu, shekarar da aka sami mulkin kai. Na dawo daga makarantar kwana kaina cike da lissafi, na tarar da su Baba a kan ƙaton ƙasar Katsina. Na gaji. Na ce abin nan fa ba wuya. Kowa ya faɗi sau nawa ubansa ya shiga fage, sau nawa ya yi kisa, a raba wannan da wancan, a ga wanda hannunsa ya fi faɗa wa gaskiya. Suka ba ni adadi, kowa yana ƙara nasa in ya ji na ɗan'uwansa. Na zana a ƙasa da tsinke. In an raba, na Gubuchi ne a sama. In an tara, na Hunkuyi.

Kawu ya yi tsalle. "Boko ya yi gaskiya! 'Yata, Allah ya yi miki albarka!"

Baba ya ce, "Wa ya taɓa raba kisa kamar naman watanda? A tara. Mutum da abin da ya tara ake saninsa."

"A raba!"

"A tara!"

Iya ta fito da tsintsiya ta share zanen nan tas, har da ƙafafuna. Ba ta yi mini magana ba sai da baƙi suka tafi. Sannan ta ce, "Karatu na aike ki, ba wasa wuƙa ba."

Na ce, "To ki faɗa mana, kowa ya huta."

"Ku huta ku yi me?"

"Iya, kin mai da manyan mutane yara. Magana ɗaya ce."

"Bakinki ya fi ƙafarki sauri," ta ce. "Wata rana zai bar ki a baya."

Har gobe ina ganin hanyata daidai ce, kuma da za a sami adadi na gaskiya da ta raba gardamar. Ba a samu ba, ba kuwa za a samu ba. Masu kalangun da suka gani sun mutu, kuma su ma wanda ya ba su suke wa ƙari.

Na gama makaranta bana, ina sa ran tafiya Kaduna koyon aikin jinya, sai ƙafafunta suka fara kumbura. Aka ce ga mai jinya a gida. Ruwa ya sauka, hanyar mota ta yanke, na shiga ɗakin nan na Iya ban ƙara fita ba sai ɗiban ruwa. Ɗaki ne mai ƙaramar ƙofa, ba taga, hayaƙi ya mai da rufinsa baƙi. Ina jin jirgin ƙasa ba na ganinsa, ko kuwa kunnena ne ke ƙirƙira. Ba zan ce na yi haƙuri ba. Na yi aikin dai. Kullum in dafa ruwa in gasa mata, tana gyara mini.

"Kin cika gaggawa. Ɗora ki bari ya shiga."

"Ya huce, Iya."

"Bai huce ba, ke ce kika gaji."

Wata rana da rana tsaka, ruwa na zuba, ba kowa sai mu biyu, na ce, "Tsohuwa, kin ga dai inda jikin nan ya nufa. Faɗa mini. Ba zan gaya wa kowa ba."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. "Ke? Ke da in kin ga ƙuda a furar sarki sai kin faɗa?"

"To Yayanki, hannun ne ya tsage ko kuwa?"

"Hannun Yaya hannu ne."

"Kin yi da-na-sanin share gumin nan?"

Nan ta daina dariya. Ta ce, "Ni na zaɓa, ba wanda ya tura ni. Amma kin ga ranar ce ta ƙarshe da na ga fage. Maigidan nan ya yi ta dambe har ya tsufa, ni sai dai in ji kalangu ta bayan katanga. In na ji guɗa in ɗora ruwa. In na ji shiru in ɗora ruwa." Ta juya fuska bango. "Ƙara wuta."

Iyakar abin da na samu ke nan. Na sake tambaya, ba sau ɗaya ba, har ranar da harshenta ya yi nauyi. Ba ta faɗa ba.

Haka na gaya wa kowa a makoki, da ƙarfi, yadda na saba. Ba ta faɗa mini ba, ba ta faɗa wa kowa ba, ku ƙyale ni. Da fari ba su yarda ba. Zuwa sadakar uku suka fara yarda, kuma a nan ne abin ya canja. Baba da Kawu suka ci gaba da gardamarsu a zaure, amma ba dariya a ciki, kuma ba ɗakin da za a taso a durƙusa. Ina kai abinci na ji Kawu yana cewa, "Goggo ta tafi. In ba za a ba ubanmu girmansa a gidan nan ba, ban ga abin da zai ƙara kawo mu Hunkuyi ba." Baba ya ce, "Hanya a buɗe take. Wanda bai zo ba dai, nasa ma ba zai je ba." Ba wanda ya ce wasan taubasai ne. Na dawo cikin gida na tarar Inna ta ji. Tana tankaɗe, garin na zuba a ƙasa ba ta sani ba.

Ranar bakwai da safe ina ɗakin Iya ina naɗe tabarmarta, Inna ta shigo. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake, in tana son in yi abu sai ta gaya wa wani ya gaya mini. Ban taɓa zama ɗaki ɗaya da ita mu biyu ba. Ta tsaya ta ba ni baya, tana shafa tukunyar da ake dafa ruwan gashi, ta yi magana kamar da tukunyar take.

"Mai ɗakin nan ba ta taɓa cewa ba ta sani ba."

Na ce, "Inna, ni ban sani ba. Wallahi ba ta faɗa mini ba."

"Na ji. Duk gari ya ji."

"To ƙarya kike so in yi?"

"Ban ce a yi magana ba."  Sannan ta ce, "Kabarin uwata na Gubuchi." Ta fita.

Bayan an shafa addu'a, mutanen Gubuchi suka ɗaure kaya. Kawu ya shigo yi wa Inna sallama, irin sallamar da ba a sa ranar sake gani. Baba na tsaye bakin turakarsa, hannu a baya. Kawu ya hango ni a ƙofar ɗakin Iya. Ya tsaya.

"'Yata, zo nan. Yau dai in tambaye ki ta ƙarshe, gaban ubanki. Wata nawa kina ɗakin nan ke da ita. Ko da hannu, ko da ido, ba ta nuna miki komai ba?"

Amsar na bakina, a shirye, irin wadda na yi ta bayarwa duk makon. Inna na durƙushe gefen murhu, ba ta kallona. Na ji maganar ta taso har maƙogwaro. Na haɗiye ta, kuma ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci kamarta ba. Na sunkuyar da kai, na ce, "Kawu, ba yau ba."

 Sai Kawu ya buga cinya.

"Na faɗa! Na faɗa muku Goggo ba za ta tafi da shi ba! Kai, ɗan mai faɗuwa, dubi fuskarta. Kunyarka take ji, shi ya sa ta ƙi faɗa a gidanka."

Baba ya matso yana leƙa fuskata kamar yau ya fara ganina. "Tausayinka dai take ji, ɗan mai gudu, ga ka da doguwar hanya. Ke, haka ne?"

Ban ɗaga kai ba.

"Bar ta," in ji Kawu. "In an yi girbi zan zo da mazarƙwailar da za ta buɗe bakin nan. Kuma a ba ni ƙanwata ta zo ta ga gida, in ya so 'yar ta rako ta, mu ji ta a can inda ba mai harararta."

"Ta je mana, wa ya hana ta? Amma yarinyar a nan za ta faɗa."

Suka fita suna musu har bakin zaure, muryar kowa na hawa ta ɗan'uwansa, na ji wani ya yi dariya. Inna ta tashi ta ɗora tukunya. Ba ta dube ni ba, ni ma ban nema ba.

An ce zumunci a ƙafa yake. Ba a faɗi abin da ke tayar da ƙafar ba. Yanzu arba'in ta matso, hanya ta bushe, motoci sun fara shigowa ranar kasuwa. Kaduna tana nan, wataƙila in je. Amma ko ina na je, in an kai dawa rumbu dole a gan ni a tsakar gidan nan, bakina a rufe, manyan mutane na durƙusa mini a kan abin da ba ni da shi. Jiya tsohon nan na Furana ya aiko mini da goro. In na fita ɗiban ruwa mata su yi shiru su bi ni da kallo. Wani lokaci ina zaune a ɗakinta sai in tuna, wanta ta gani a fage tun daga farko har ƙarshe, mijinta kuwa farkonsa kawai ta gani. Ban sani ba ko ita ma tana da amsar. Ba kuma wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya wa 'ya'yan mutane ciwo. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a da kanta, ba don wanta ba, ba don mijinta ba. Tufafinta an raba, tasoshinta an raba, kowa ya ɗauki nasa ya tafi gida. Ni nawa rabon ba ya ɗaukuwa, kuma ba ya ajiyuwa.